Wai Hausar Jos Hausa ce kuwa?

Malam, tambayar nan taka ta ko mu Jasawa "Hausawa ne na gaske" ta tsufa. Kakanninmu haƙar kuza ta kawo su tun farkon shekarun 1900, suka zauna Naraguta da Bukur da Barikin Ladi. Fiye da shekara 100 ke nan. Da baki muka gaji harshen, ba a kasuwa muka tsince shi ba.

Abin da ke ruɗa ku shi ne kuna jin Hausar Taminus, kasuwar tsakiyar Jos, ku ɗauka ita ce tamu. A Jos Hausa ta kowa ce. Da ita Birom yake ciniki da Angas, da ita ake wa'azi a coci, tunda tun 1932 aka fitar da Littafi Mai Tsarki da Hausa. Harshen da ya zama na kowa dole ya goge. Farko lanƙwasa ke tafiya: ƙ ta koma k, ɗ ta koma d, ts ta koma s, sai "baƙi sun zo" ya zama "baki sun zo". Sannan jinsi ya bi, a ce wa mace "ya tafi". Sai ɗan "ba" ɗin nan na ƙarshe: "Ka gane ba?"

Ɗan Gangare ko Unguwar Rogo, unguwannin Hausawa a Jos, ya san wannan sarai, kuma yakan yi Hausar Taminus ɗin da gangan. A kasuwar Farar Gada, wajen sayen dankali, in ka zuba Kananci zalla sai a ɗauke ka baƙo, farashi ya hau. Da ya dawo gida gaban mahaifinsa, ko ya zauna karatu, lanƙwasarsa ta dawo tsaf. Abin da na yarda ya kama mu har cikin ɗaki shi ne "motan shi" da "rigan ta" maimakon "motarsa" da "rigarta". To amma Zariya da Bauchi ma haka suke faɗa, ban ji kun kore su ba.

Batun cewa auratayya da wasu ƙabilu ta taɓa Hausarmu kuwa, e, akwai gidajen da uwa Bajara ce ('yar ƙabilar Jarawa) ko Birom, yaro ya fara da Hausarta kafin makarantar allo da dangin uba su daidaita masa. Tun rikicin 2001 da unguwanni suka rabu, irin auren nan ya ja baya sosai.

Ciwon dai guda ne: nan in an zo takardar shaidar ɗan ƙasa a ce mu baƙi ne, mu je Kano mu buɗe baki a yi murmushi a ce "ɗan Jos ne".