Bai lalace ba, iska ce ta kama shi

Salamu alaikum. Ƙanwata, na saurari saƙonki. Kin ce kin zuba ruwan soda cikin gishirin manganis, abin ya fito fari, kafin ki ankara ya koma ruwan ƙasa, wai ko ya lalace. Bai lalace ba. Farin nan haidiroksayid ne, abin da manganis ke zama in ya haɗu da soda, oksijin ɗin da ke cikin iska ke kama shi ya koma Mn3O4, wato haɗin manganis da oksijin. Ai shi kike nema.

Amma ni na san abin da ke cin ranki, ko kin samu nano, wato gari mai ƙwayoyi mitsi-mitsi, ko ba ki samu ba. To ido ba ya gaya maki wannan. Sai ƙwayar ta gaza nanomita 100 (nanomita miliyan ne ke yin milimita ɗaya), kuma sai an kai gwajin XRD, wato na haskawa da eksire, ko madubin ilektiron mai ƙara girman ƙananan abubuwa. Naki aikin shi ne zubawa, ɗigo-ɗigo, kina motsawa ba tsayawa. In kika kwara shi gaba ɗaya kamar mai dama fura, sai ya cure, wani babba wani ƙarami. Kuma don Allah ban da fiya wata ko ruwan burtsatse, akwai kalsiyam ciki, soda za ta kwantar da shi tare da kayanki. Distil kawai, wato ruwan da aka tara daga tururi, har wurin wanke garin.

Sai busarwa. Digiri 100... a'a, 80 ma ya isa. Ki tsaya kansa da kanki. Ni lokacin da nake furojet nan Katsina, famanganet, sinadarin nan mai launin shuni, na haɗa da manganis salfet, mol 2 da mol 3, shunin nan ya ɓace na samu MnO2, baƙin garin nan na cikin batirin tocila. Sati biyu ina wanki ina tacewa. Na sa shi a fanes, wato tandar ɗakin gwaji, na tafi cin abinci, wani bawan Allah ya zo da nashi aikin, ya murɗa zuwa digiri 600, ko tambaya babu. Oksijin ya fice, kayana suka koma Mn2O3. Ban sani ba sai da na biya kuɗin gwaji da kuɗin mota. Da na samu mutumin, wai ai duka baƙi ne, mi ya canza? Duka baƙi ne! Har yau in na gan shi a Kofar Kaura...

To, bar wannan. Mi nake cewa? Yauwa, wanki. Ki yi ta wankewa har takardar pH, mai auna tsami ko kaifin soda, ta nuna 7, wato tsaka-tsaki, sannan ki turo mani hoton abin da ya rage kan takardar tacewa.