Kalmomin da yaro zai fara sani kafin ya hau dandamali

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamar Hausa ce a wata ƙaramar sakandare, an ɗora mini kula da ƙungiyar wasan kwaikwayo, kuma muna da wasan da za mu nuna ranar rabon kyaututtuka. Waɗanne kalmomi ya kamata yaran su fara sani, kuma yaya zan koya musu?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya ba da sa'a. Kada ki rubuta musu kalmomin a allo ki ce su hardace. Ki fitar da su fili, ki shata wuri mai kusurwa huɗu da toka ko alli, ki ce nan ne dandamali, can inda za a jera benci kuma wurin 'yan kallo ne. Yawancin kalmomin wannan sana'a umarni ne, a tsaye ake koyonsu.

Ki fara da dama da hagu, domin nan ake yawan rikicewa. Idan darakta ya ce a shigo ta dama, damar ɗan wasa yake nufi a lokacin da yake fuskantar 'yan kallo, ba damar shi daraktan da ke zaune a benci ba. Ɓangaren da ya fi kusa da masu kallo shi ne gaban dandamali, mafi nisa kuma ƙurya. Ki raba filin gida 9, uku a gaba, uku a tsakiya, uku a ƙurya, ki riƙa kira: "Ƙurya ta hagu! Gaba ta tsakiya!" suna rugawa. Wanda ya ɓata ya fita. A nan ne kuma za su gane dalilin da ake hana ɗan wasa juya wa jama'a ƙeya, da dalilin da babban yaro ba zai tsaya ya tare ƙarami ba.

Wannan tsari na dandamali mai fuska ɗaya ne. Yaranki sun san wani daban tun daga gida: a tashe, wanda ake farawa bayan azumi ya kwana 10, jama'a kewaye 'yan wasa suke yi, babu labule. Gidan wasan Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru ma da ƙasa aka gina shi, da ɗakuna zagayayyu kamar gidan Bahaushe. Idan a tsakar makaranta za ku yi wasan, mutane ta ko'ina, to sai ɗan wasa ya riƙa juyawa don kowane ɓangare ya ga fuskarsa.

Sai kalmomin cikin takarda. Kashi shi ne babban rabon wasa, fitowa kuma ƙaramin rabo a cikinsa, wadda takan sauya idan wuri ko lokaci ya sauya. Abin da marubuci ya sa cikin baka biyu, kamar inda ya ce amarya ta tashi a fusace, umarni ne da za a aikata, ba a karanta shi. Zancen zuci kuwa shi ne ɗan wasa ya tsaya shi kaɗai yana faɗin abin da ke ransa a fili don 'yan kallo su ji.

Jigo da zubi suna so ki daɗe a kansu, domin za su biyo yaran har jarrabawar WAEC da NECO. Ki tambayi yaro jigon wasa, sai ya kama ba ki labari tun daga farko. Jigo shi ne saƙon da wasan ya ɗauko, a ce illar auren dole. Zubi kuwa yadda aka jera abubuwan da suka faru: me ya haddasa rikici, ina ya kai ƙololuwa, yaya aka warware shi. Aristotil, masanin falsafa na ƙasar Girka, sama da shekaru 2,300 da suka wuce, zubin ya ɗora a kan komai, ya sa shi gaba da halayen mutanen wasan. Ni ma ina ganin wasan makaranta da ba shi da rikici na gaske wa'azi ne kawai aka raba wa yara su faɗa bi da bi.

Abin da na fi so ki dage a kai shi ne alamar shiga, wato kalma ko motsin da ke gaya wa ɗan wasa lokacinsa ya yi. Yarinya za ta hardace maganarta tsaf, amma ba ta san cewa da uwargida ta ce "to shi ke nan" ita za ta ɗaga labule ta shigo ba. Sai a yi shiru, kowa na kallon kowa, 'yan kallo su fara surutu. Kowane yaro ya hardace ƙarshen maganar wanda yake gabansa tare da tasa. Ki kuma ajiye mai tuni a bayan fage riƙe da takardar wasan, ya raɗa wa wanda ya manta.

Buta da tabarma da carbi kayan wasa ne, babbar riga da ɗankwali sutura, gemun auduga da hodar da ake shafawa a gashi don a nuna tsufa kwalliya. Ki ba yaro ɗaya amanar kayan wasan, da jerinsu a rubuce.

Gwaji kuma mataki-mataki ne: karatu a zaune, sannan a tashi a tsara motsi, sannan gwajin ƙarshe da sutura da komai, ba tsayawa ko an yi kuskure. A ranar ki koma bencin ƙarshe ki zauna. Duk wanda ba ki ji maganarsa daga can ba, ya maimaita, da murya daga ciki, ba da ihu ba.