Tambayi Likita: Yadda ake buɗe jijiyar jinin da ta toshe

Tambaya: Likita, barka da aiki. An ce jijiyar zuciyar mahaifina ta cushe, za a sa masa stent. Fasa masa ƙirji za a yi?

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya. Ba a fasa ƙirji, kuma yawanci idonsa biyu za a yi aikin. Ana kashe zafin wuyan hannu ko matsematsi da allura, a zura siririn bututu ta cikin jijiya har bakin jijiyoyin da ke ciyar da zuciya. Sai a tura ruwan rini mai fitowa a hoto, a ga inda kitse ya matse hanya. A wuce da waya mai laushi ta wurin, a bi ta da ɗan balan-balan, a hura na 'yan daƙiƙoƙi ya danne kitsen jikin bango; a lokacin yana iya jin nauyi a ƙirji, kada ya tsorata. Stent ɗin ragar ƙarfe ce da ake ɗorawa a kan balan-balan, faɗinta yawanci milimita 2.5 zuwa 4, da an hura balan-balan ɗin sai ta buɗe ta manne a bangon jijiya, nan za ta zauna har abada. Aikin ba sabo ba ne, tun 1977 wani likita, Andreas Grüntzig, ya fara shi da balan-balan a Zurich, ƙasar Switzerland. Abin lura shi ne rinin yana iya taɓa ƙoda, saboda haka a auna ƙodarsa tukuna, in kuma yana shan metformin, maganin ciwon suga, a gaya wa likita.

Tambaya: Asibitin garinmu ba a sa stent. In bugun zuciya ya kama mutum, mene ne abin yi?

Amsa: A kai shi asibiti nan take, a yi masa ECG, wato gwajin da ke zana yadda zuciya ke harbawa. Idan gwajin ya nuna jijiya ta toshe ɗungurungum, kuma ba za a iya buɗe ta da balan-balan cikin minti 120 ba, sai a ba da maganin narkar da gudan jini. Daga cikin irin wannan magani akwai streptokinase, yunit miliyan 1.5, ana sa shi ta ruwa cikin awa ɗaya. Tenecteplase kuwa allura ɗaya ce gwargwadon nauyin mutum. Maganin narkarwar yana aiki cikin awa 12 da fara ciwo, amma amfaninsa ya fi yawa a awa biyu zuwa uku na farko, domin naman zuciyar da ya mutu ba ya dawowa. Ba a ba wanda ya taɓa zubar jini a ƙwaƙwalwa, ko wanda aka yi wa babbar tiyata kwanan nan. Ko ciwon ya lafa, a wuce da shi inda ake hoton jijiyoyi cikin awa 24.

Tambaya: Bakin kakata ya karkace, hannu ya saki. Mu ba ta asfirin?

Amsa: A'a, kada ku ba ta komai ta baki. Shanyewar ɓarin jiki iri biyu ce, toshewa da fashewar jijiya, hoton ƙwaƙwalwa na CT ne ke bambanta su. In toshewa ce, ana ba da alteplase, maganin narkar da gudan jini, cikin awa huɗu da rabi da fara ciwo, bayan an sauko da hawan jini ƙasa da 185/110. Ku riƙe lokacin da aka gan ta lafiya na ƙarshe, shi likita zai fara tambaya.

Tambaya: Wata uku da sa min stent, na ji sauƙi. Zan iya barin magani? Ƙaho fa?

Amsa: Malam, don Allah kada ka bari. Kafin fatar cikin jijiya ta lulluɓe ƙarfen, jini yana iya daskarewa a kansa ya toshe shi farat ɗaya, kuma hakan yana kisa. Shi ya sa ake haɗa magungunan hana jini daskarewa, asfirin da clopidogrel ko ticagrelor, wata 12 bayan bugun zuciya, kusan wata 6 in ba da gaggawa aka sa ba, asfirin kuma ya ci gaba. Ƙaho da tsaga ka dakata da su, jini zai yi wuyar tsayawa. Ka guji magungunan rage zafi irin su diclofenac da ibuprofen. In za a cire maka haƙori, likitan zuciya ne zai yanke shawara kan maganin. Baƙin bayan gida kamar kwalta alamar zubar jini ce a ciki, ka je asibiti a ranar.