Amsar Kawu kan matar da ba ta kama sunan mijinta

'Yata, saƙonki ya iso. Kin ce kin ci karo da wani tsohon wasan kwaikwayo na rediyo a Facebook, matar gida sai "Malam", sai "Maigida", har aka tashi ba ta kama sunan mijin ba, shi ne kike tambaya ko tsoro ne.

Kunya ce. Kakarki har ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunana ba, don ni ne ɗan fari, sai dai "wancan yaron", ko da furfura ta fara fito mini. Ai ba tsorona take ji ba. Makwabtanmu Yarabawa ma "Baban wane" matansu ke cewa.

Irin wasannin nan daga Kaduna muke jin su, gidan rediyon da gwamnatin Sardauna ta buɗe a 1962, ya koma hannun tarayya a 1978. Can aka yi Zaman Duniya Iyawa Ne na Yusuf Ladan, da Duniya Budurwar Wawa. Samanja ma, Usman Baba Pategi da ya rasu a 2023, a rediyo ya fara kafin a gan shi a talabijin. Banufe ne fa, tsohon soja, amma ya sa Hausawa dariya har da hawaye.

Mu nan Agege ta Legas, a lokacin a gajeren zango muke kamo Kaduna. In mun tashi daga rumfar goro, sai a ɗaura waya jikin eriya a maƙala a kwanon rufi, batirin kuwa tun safe yana shanye a rana. Murya ta zo, ta tafi, a yi ta juya akwatin. Maza kan tabarma a tsakar gida, mata bayan labule.

To, ki lura. Matar cikin rediyon da ke cewa "Malam", ita ce za ta ƙirga masa kuɗin cefanen da ya rage, ta tuna masa atamfar Sallah da ya saya wa amarya. Sunan kawai ta bari, sauran duk ta faɗa. Wani dare ana irin wannan, sai na jiyo matata ta tuntsire da dariya a bayan labule, dariyar da ta fi ƙarfin wasan. Abokaina duk suka sunkuyar da kai. Washegari na ƙara kuɗin cefane, ba wanda ya ce da wani uffan.

Ki gaida maigidan naki. Ke me kike ce masa?