Ga mai son ɗora kekensa a kan tsohuwar Mini

Malam, ka ce tsohuwar mota ƙirar Mini gare ka, kana son ka riƙa tafiya da kekenka, kuma ka ga irin kariyar nan, wato mariƙin ɗora keke, da ake ɗaurewa da madauri a murfin but, shi ne kake tambaya ko ka saya. Ni dai shawarata kada ka saya. Na daɗe ina ɗaukar keke a irin wannan motar, kafin ita ma na riƙe Volkswagen Beetle, don haka bari in gaya maka abin da na gani da idona.

Fara duba murfin but ɗinka da kyau. A Mini ƙasa yake buɗewa, ƙananan hinji biyu ne daga waje ke riƙe da shi, sai makulli guda ɗaya a sama. An ƙera waccan kariyar ne don motocin zamani masu faffaɗan murfi da kauri a baki, inda ƙugiya za ta samu wurin kamawa. A taka motar ƙugiyar za ta ciji ƙarfe mara kauri wanda ya shekara hamsin, sannan ka ɗora masa keke mai kilo 13 ko 15 yana rawa a kowace gargada. Ga Mini da tsalle, tunda a kan roba take zaune maimakon sifirin, tayoyinta kuma inci 10 ne. Na ga murfin da aka yi wa haka: bakinsa ya lanƙwashe a wurare biyu daidai inda ƙugiya ta zauna, fenti ya tsage, ruwa ya samu hanya, kafin shekara ta zagayo tsatsa ta fito. Bamba kuwa kada ma ka sa ta a lissafi, ado ce, ba a yi ta don ɗaukar kaya ba.

Akwai kuma maganar faɗi. Faɗin Mini mita 1.4 ne, keken babban mutum kuwa yana kai mita 1.7 ko fiye. In ka gicciye shi a baya, taya za ta leƙo ta dama, wata ta hagu, ya rufe maka lamba da danja da sigina, abin da doka ta hana a kusan kowace ƙasa. Sau da yawa kuma tayar ƙasa takan sauka kusa da bakin salansa, zafi ya dafa ta.

Abin da tsofaffin motoci suka fi na yanzu da shi shi ne magudanar ruwan nan da ta zagaye bakin rufi. Nan ne wurin ɗora kaya, kuma har yau ana samun sanduna biyu masu ƙafafu da ke damƙe ta. Amma kafin ka kashe ko sisi, samu rana ka bi magudanar da yatsa tun daga gaba har baya, musamman a kusurwoyi huɗu. In ka ji fenti ya kumbura ƙuraje-ƙuraje, tsatsa ce ke ci daga ciki. Ɗauki ɗan maganaɗisu ka bi wurin. Inda ya ƙi kamawa, fila, wato abin cike ramin bodi, aka cusa aka shafe da fenti. Irin wannan magudanar sai ta ga mai walda tukuna. Na dage a kan wannan ne saboda keken da ya tsinke daga rufi a kan babbar hanya ba asararka kaɗai ba ce, ran wanda ke bin ka a baya ne.

In magudanar lafiya take, sanya sandunan nesa da juna gwargwadon yadda rufin ya ba da dama, ka yanko robar tsohon tib ka shimfiɗa a ƙarƙashin kowace ƙafa don kada ta ci fenti. Ni na fi son irin mariƙin da ake cire tayar gaba a kulle fok, wato ƙarfen da ke riƙe tayar, a jikinsa. Keken yakan zauna ƙasa-ƙasa, ba ya kaɗawa, tayar da ka cire kuma ta shige kujerar baya. Ƙara madauri ɗaya daban daga jikin keken zuwa sanda, ko da makulli zai saki. Bayan tafiyar minti goma ka tsaya ka girgiza keken da hannu, ka sake ɗaure notuna, don robar takan lotsa su yi sako-sako. Daɗin abin shi ne motar gajera ce, tsayinta bai kai mita ɗaya da rabi ba, kana tsaye za ka ɗora ba tare da ka taka komai ba.

Za ka ji bambanci a tuƙi, gara ka sani tun yanzu. Injin Mini mai cc 850 ƙarfin doki 34 ne kawai, na 998 kuma wajen 40. Iska za ta riƙe ka, a hawa za ka sauko da giya da wuri, in babbar mota ta wuce ka sai ka ji kamar an ture ka da kafaɗa. Rage gudu, ka bar tazara, musamman in birkinka na ganga ne duk ƙafa huɗu. Ka manna ɗan takarda kusa da sitiyari da zai tuna maka akwai kaya a sama, saboda ƙofar gareji da rassan bishiya.

In hanya doguwa ce kuma kai kaɗai ne, cikin mota ya fi komai. Kujerar fasinja ta Mini kusoshi biyu ne ke riƙe da ita ta gaba, da sifana ka fitar da ita cikin 'yan mintuna. Cire tayoyin keken duka biyu, ka naɗe sarƙa da tsumma, ka shimfiɗa tsohon bargo, ka ɗaure shi don kada ya zamo maka lokacin birki. Masu keke mai naɗewa irin Brompton su kam sun huta, a kujerar baya yake zama.

Ga masu tsohuwar Beetle ko tsohuwar Fiat 500 da ke karantawa, naku ya fi tsanani ta baya: injin yana can, iska ce ke sanyaya shi, duk abin da ya toshe ramukan shan iskar nan zai sa ya yi zafi. Ku ma rufi ne mafita, sai dai mai Fiat ya lura da rufin yadi da ke tsakiya, kada wani abu ya taɓa shi.

Saura keken lantarki. In irinsa ne naka, yakan haura kilo 20, ban yarda ka hau da shi rufin ba ko an cire batir. Wannan sai an sa wa motar ƙarfen jan tirela, bayan an tabbatar ƙarfen ƙasan bayanta bai ruɓe ba, a ɗora kariya mai nata fitilu da wurin lamba, kuma nauyin kariya da keke kada ya wuce abin da aka rubuta a jikin ƙarfen. Faɗa mana irin keken da nauyinsa, ka kuma turo hoton kusurwoyin rufin daga kusa, sai mu ga ko magudanar za ta ɗauka.