Ƙanena, kar ka gudu daga kwas ɗin kemistirin nan

Salamu alaikum ƙanena, ya gida, ya su Hajiya da mutanen Tudun Wada. Na ga saƙonka. Kace makarantar da ta ɗauke ka a nan Amurka ta turo jerin kwasa-kwasan shekarar farko, duk da aikin jarida zaka karanta sun ce dole ka ɗauki kwas ɗaya na kimiyya, a cikin zaɓin akwai kemistirin muhalli wanda aka tsara don waɗanda ba 'yan sayans ba, kai kuma ɗan at ne tun SS1 ko ƙofar lab baka taɓa shiga ba, kana tambaya ko akwai hanyar zillewa.

Toh hanyar zillewa dai babu, kusan duk jami'o'in nan haka tsarinsu yake, kamar GENS ne a ABU, kowa sai ya yi, kuma makin yana shiga GPA ɗinka. Tunda dole ne ka zaɓi ɗaya, ni shawarata ka ɗauki wannan ɗin, ba don yafi sauƙi ba, don shine wanda ɗan Zariya yake shiga ajinsa da rabin misalan a hannunsa.

Ni ma ɗan at ne kuma na yi irinsa. Ranar da muka yi darasin pH, wato ma'aunin tsami da kishiyarsa daga 0 zuwa 14, malamar ta kawo ruwan jan kabeji tana ɗiga masa abubuwa launinsa yana canzawa, yaran ajin sai mamaki suke. Kai kuwa ka taɓa gani a madafin Hajiya. Ka zuba zoɓo a kofi biyu, ɗaya ka matsa masa lemon tsami zaka ga ya ƙara ja jawur, ɗayan ka ɗiga masa ruwan kanwa zaka ga ya yi duhu ya koma wani baƙi-baƙi mai ratsin kore. Shikenan darasin, lemo yana ƙasa da 7, kanwa tana sama da 7. Haka alif da ake jefawa a randa in ruwan rijiya ya gurɓace da damina, irinsa ake sawa a manyan matatun ruwa, yana tattara laka ta kwanta ƙasa. Amma a ajin ne zaka gane cewa alif laka kawai yake kwantarwa, ba aikinsa bane kashe ƙwayoyin cuta, kuma ruwa yana iya zama garau kamar na roba alhali akwai guba narke a ciki wadda bata da launi bata da ɗanɗano.

Nan ne maganar ta daina zama ta maki a wajena. Muna darasin dalma, malamar tana bada labarin garin Flint a jihar Michigan, yadda a 2014 aka sauya musu ruwa zuwa na kogin Flint ba tare da an sa maganin da yake hana ruwa cin bututu ba, ruwan ya riƙa zagwanyar da tsofaffin bututun dalma yana kaiwa cikin gidaje. Kowa a ajin ya san Flint. Da na ɗaga hannu nace Zamfara, wallahi ba wanda ya taɓa ji. A 2010 yara aƙalla 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma da Bagega, sai da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka lura yara suna ta mutuwa da jijjiga kuma maganin maleriya baya musu komai. Duwatsun zinaren da ake haƙowa ne suke cike da dalma, ana kawo su cikin gida ana daka ana niƙawa a injin irin na niƙan hatsi, ƙurar tana sauka a tsakar gida inda yaro yake rarrafe yana kai hannu baki. Jikin yaro yafi na babba zuƙar dalma nesa ba kusa ba, kuma ƙwaƙwalwa take taɓawa, wanda ya rayu ma sau da yawa ba ya dawowa yadda yake. Sai da aka kankare ƙasar gidajen aka zuba sabuwa, don ko an yiwa yaro magani in ya koma kan ƙasar nan an koma gidan jiya. A 2015 kuma abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja.

Kai da kake son zama ɗan jarida, ka duba, in aka baka takardar gwajin ruwa aka rubuta adadin dalma a lita, hukuma tace ba komai, me zaka tambaya in baka san cewa iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta sa shine maikirogiram 10 a lita ba? In wani yace a tafasa ruwan, ya zaka san tafasawa bata cire dalma, ƙara mata ƙarfi ma take tunda ruwan ne yake ƙonewa ita tana nan? Wannan shine abin da kwas ɗin yake baka. Ba zai maida kai masanin kemistiri ba, amma ba za a riƙa rufe maka baki da lambobi ba. Haka batun majemun Kano na Challawa da Sharaɗa da sinadarin kuromiyom da suke aiki da shi, da takin zamani da ruwan sama yake wankewa daga gonakin Samaru da Shika zuwa kogunan Kubanni da Galma, da fiya-fiya da wasu ke zubawa a buhun wake, duk zaka ga babinsu a littafin ko da ba a ambaci sunan garinmu ba.

Akwai darasin da nake so ka kira gida ka maimaita musu ranar da kuka yi shi, na iskar CO, wato kabon monoksaid, iska mai guba wadda garwashi da janareta suke fitarwa. Bata da wari, kuma tana kama jini fiye da iskar oksijin da jiki yake buƙata sau sama da 200, mutum ya ji ciwon kai da barci, shikenan. A nan gidajen haya da yawa akwai na'urar da take ƙara in iskar ta taru. Mu kuwa da hunturu a shigar da kaskon wuta ɗaki a rufe ƙofa da taga, ko a ja janareta cikin baranda saboda ɓarayi.

Sauran su ramin ozon da yarjejeniyar Montreal ta 1987 da aka yi don kare shi, da ɗumamar yanayi, waɗannan karatu ne da duba jadawali, ba zasu baka wahala ba.

Lissafi akwai amma ba mai firgitarwa bane, kaso cikin ɗari ne da sauya ma'auni, miligiram zuwa giram, da karanta giraf. In ka ci lissafin WAEC zaka iya. Abin da yake kada yaranmu a nan tsarin ne ba kemistirin ba. A gida mun saba a tara karatu sai jarabawa ta matso a kwana a aji, nan kuwa kusan duk sati akwai ƙaramin gwaji da aikin gida a intanet mai lokacin rufewa, in ka yi sake da sati uku na farko makin ya tafi kuma ba roƙo. Malamai suna da awannin da suke zama a ofis don ɗalibai kawai, ka je tun satin farko ka gaya wa mai koyar da kwas ɗin baka taɓa yin kemistiri ba, ba abin kunya bane don irinku aka buɗe ajin. Kar ka kwafi aikin kowa ko da layi ɗaya ne, a nan abin yana iya kaiwa ga kora. Littafin yana da tsada sosai, kafin ka saya ka tambayi laburare ko ka nemi na hannu. In akwai lab a ciki sai da rufaffen takalmi da gilashin kare ido, da silifas ba zasu barka ka shiga ba.

Abu biyu kuma ka riƙe. In ka ji kwas ɗin ya maka nauyi kar ka ajiye shi da kanka, mai bizar ɗalibi ta F-1 a digirin farko dole ya riƙe aƙalla kiredit 12 a zango, in ka sauka ƙasa ba da izini ba takardunka ne zasu shiga matsala, sai ka fara zuwa ofishin ɗaliban ƙasashen waje. Na biyu, in akwai tunanin komawa aikin jinya ko haɗa magunguna nan gaba a ranka, to yawanci wannan kwas ɗin baya maye gurbin kemistirin da suke nema, ka tambaya tun yanzu kar ka biya kuɗi sau biyu.

Kafin ka taso, dan Allah ka zaga da wayarka ka ɗauki hotuna, rijiyar gidanku da tazarar da ke tsakaninta da masai, inda ake ƙona bola a unguwa, bakin Kubanni, ka tambayi mai ruwan da yake kawo muku a kura daga ina yake ɗebowa. Sau da yawa ana bada aikin rubutu ko gabatarwa a ƙarshen zango kuma zasu yi maka amfani. Hoto kawai fa, kar ka ɗebo ƙasa a leda, a filin jirgi zasu tsare ka a kanta. Ka turo min lambar kwas ɗin da bayanin da suka rubuta a ƙarƙashinsa in duba maka ko kiredit 3 ne ko 4 mai haɗe da lab, don kuɗinsu yana iya bambanta.