Ka yi magana, amma ka san yadda za ka faɗe ta

Salamu alaikum. Ƙanena da ya ce aiki zai riƙa kai shi Takoradi ana ɗaukarsu a helikwafta, yake tambaya in ya hango wani jirgi yana matsowa ya faɗa wa matuƙi ne ko ya kame bakinsa kar a ce ya yi shisshigi: ka yi magana. Wallahi abin nan ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wannan kunya tamu ta "ai direba ya fi ni sani". Tun hatsarin helikwaftan soja da ya faɗi a Adansi, nan Ghana, a Agustan 2025 gaban kowa a zango ke faɗuwa in an ambaci helikwafta, ko da yake wancan ba karo ba ne. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Kar yawan gilashi ya ruɗe ka. Matuƙi ba ya ganin bayansa, ba ya ganin ƙarƙashinsa sosai, kuma ƙarfen da ke tsakanin gilashin gaba da ƙofa kaɗai ya isa ya ɓoye jirgi sukutum. A yawancin helikwafta a dama yake zama, don haka hagu ne wajen rauninsa. Mafi muni, jirgin da za ku yi karo da shi ba ya motsi a gilashi. Tsaye yake wuri guda kamar ɗigon ƙuda, sai girma yake yi a hankali, sannan farat ɗaya ya cika ido. Ido kuwa motsi yake kamawa. Hukumar jiragen sama ta Amurka ta ƙiyasta daƙiƙa 12.5 daga hango jirgi zuwa kauce masa. In kowannenku na gudun kilomita 200 a awa kuna fuskantar juna, kusan kilomita ɗaya da rabi ke nan ta tafi. To ka haɗa da hazon hunturu.

Hatsarin Gold Coast a Ostireliya, 2 ga Janairu 2023, shi ne ba ya fita a raina. Helikwafta biyu ƙirar EC130, masu yawo da 'yan buɗe ido, rana tsaka, sama tas. Ɗaya na tashi, ɗaya na sauka. A wannan ƙirar matuƙi a hagu yake. Mai tashin eriyar rediyonsa na da matsala, mai saukar bai ji sanarwar tashinsa ba. Akwai hoton bidiyo daga cikin mai saukar: fasinja a kujerar baya ya hango abin da ke tahowa, ya miƙa hannu yana taɓa kafaɗar matuƙi. Rahoton bincike ya ce an fara gwada yi masa magana, ba ta yi aiki ba, sai aka koma taɓawa. Kafin matuƙi ya gane, farfelar ɗayan ta shigo ta gilashi. A tsayin ƙafa 130 kacal. Mai tashin ya rasa farfelarsa ya faɗo kan tudun yashi, mutum huɗu suka mutu. Ni ban ga laifin bawan Allah nan ba, ya yi iyakar abin da ya sani. Amma taɓa kafaɗa ba ta ce ina, ba ta ce me, sai ma ta janyo idon matuƙi zuwa cikin jirgi.

Ga yadda ake faɗa. Kamar fuskar agogo, ka ɗauki hancin jirgi ƙarfe 12, dama ƙarfe 3, baya 6, hagu 9. Da Turanci, tunda shi ake ji a can: jirgi, ƙarfe 2, ƙasa da mu, yana matsowa. Kalma huɗu biyar, da ƙarfi, kana nunawa da hannu miƙe. Ban da "yallaɓai, don Allah ko ka lura". Makirfon abin kunne ya kusa taɓa leɓenka, in ya yi nisa ba ya buɗewa, kalmar farko ta ɓace. Kuma matuƙi na da maɓallin da yake katse muryar fasinja lokacin tashi da sauka, daidai lokacin da aka fi cunkoso. Shi ya sa tun a ƙasa za ka tambaya: in kun rufe layinmu, yaya zan sanar da ku?

Nan ne raina ke ɓaci da masu bayanin kafin tashi. A kunna bidiyo, a miƙo takarda ka sa hannu, ba wanda zai ce idonka ma na da amfani. A manyan jiragen da ke kai ma'aikata teku matuƙa biyu ne, da na'urar gargaɗin karo, kai kuma kana can baya da abin toshe kunne, hannunka ba ya kai musu. Ƙananan nan masu kujera biyar shida su ne maganata ta fi shafa. In an ba ka kujerar gaba, ƙafarka nesa da feda, kuma komai firgita kar ka cafki hannunsa ko sandar tuƙi.

Af, bel ɗin kujera. A binciken Gold Coast an gano fasinjoji da dama ba a ɗaura musu shi daidai ba saboda rigar hana nutsewa da suka ɗaura. Na cinya ake fara tsukewa, ƙasa a kan ƙashin ƙugu, ba a kan tumbi ba, sannan a ja na kafaɗa.